Kujerar Gefen Direba

Tun daga kwana Gwadabe ya hango tayoyin da aka jera a tsakiyar titi, da samari tsaye a bayansu riƙe da sanduna. Ƙafarsa ta sauka daga kan totur ba tare da ya sani ba. Gumi ya karyo masa duk da sanyin safiyar Jos.

"Cire hulan nan, Malam," in ji Rwang daga kujerar gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Kar ka yi magana. Nan wajena ne."

Rwang ya zura kai ta taga ya yi musu magana da yaren Birom, har da zolaya. Wani dogo ya leƙo, ya daɗe yana kallon gemun Gwadabe. Rwang ya dafa kafaɗar direban ya ce wani abu, dogon ya yi tsaki, ya karɓi burodi biyu, aka janye taya.

Haka suke aiki tun bayan rikicin farko. Baba Cletus, mai gidan burodin, shi ya kafa dokar: duk motar da za ta fita rabon burodi sai an zuba mata Musulmi ɗaya da Kirista ɗaya. In an tare su a unguwar Kiristoci, Rwang ne baki. In an tare su a unguwar Musulmi, kamar Ali Kazaure ko Dutse Uku, Gwadabe ya mayar da hularsa ya yi sallama, ya ce, "Yaron gidanmu ne," ko da yake Rwang ya girme shi. Ba wai wata ƙauna ce ta azo-a-gani tsakaninsu ba. Kullum cikin musu suke a kan tashar rediyo da ɗanyar albasar da Rwang ke ci da sassafe. Amma kowannensu ya san ran ɗan'uwansa na hannunsa.

* * *

Rikicin ƙarshen shekarar 2008 ya zo ya wuce, ya bar gidan burodin a tsaye, mutanen ciki kuwa a karye. Baba Cletus ya kwanta ciwo, ɗansa Onyebuchi ya karɓi ragama. An kashe ƙanen Mustapha mai kwaɓa fulawa. An ƙone gidan Badung mai kula da tanda. Su biyun kuma teburi ɗaya suke aiki, wuƙaƙen yanka kwaɓi a tsakaninsu. Ran da Badung ya jefi Mustapha da tiren gashi mai zafi, da ƙyar aka raba su, kowa ya ja ya tsaya bayan nasa.

Onyebuchi ya kira mitin a farfajiya. Yaro ne mai hankali, ba mugu ba, amma tsoro ya gama cinye shi.

"Ba na so a yi jini a kamfanin babana," ya ce. "Daga Monday, za mu raba. Kirista aikin safe, Musulmi aikin yamma. Mota kuma kowa da mutanensa, kowa ya kai burodi area nasa. Babu haɗuwa, babu faɗa. Akwai mai magana?"

Gwadabe yana da magana. Unguwannin Jos ba a jere suke kamar burodi a tire ba; kafin ka isa wajen naka sai ka ratsa ta wajen wani. Ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa cikin na Mustapha, jajur, ido na wanda bai gama kuka ba. Layinsu ɗaya, masallacinsu ɗaya. In ya ce shi ya fi son zama da Rwang, kafin magariba labari ya karaɗe Dutse Uku, kuma ya san sunan da ake laƙaba wa irin waɗannan mutane. Ya dubi Rwang. Shi ma kansa na sunkuye, Badung na tsaye a bayansa.

"Babu, Oga," aka amsa. Har da masu tafi.

Gaskiya kuwa faɗa ya ƙare. Wanda ba ka gani ba ai ba ka jifansa da tire.

* * *

"Ni dai hankalina bai kwanta ba, Baban Suwaiba," in ji Tabawa, matarsa, tana zuba masa ruwan wanke hannu. "Wa zai yi maka magana in an tare ka?"

"Na sauya hanya. Ina zagayawa."

"Shi fa Rwang, Baban Yael? Ai sai ya bi ta bakin layinmu kafin ya hau babban titi."

"Shi ma ya zagaya mana!" Ya ɗaga murya fiye da yadda ya yi niyya. Ya san sarai babu zagayen da motar Rwang za ta yi. Ya ture kwanon tuwon gefe.

Watanni suka shuɗe cikin irin zaman lafiyar da ake kwana da takalmi a ƙafa. In tayar babur ta fashe, sai kasuwa ta watse. Gwadabe ya rame. Yana tuƙi yana kallon madubi fiye da titi, sabon abokin tafiyarsa kuma na gefe yana jan carbi, tsoronsu iri ɗaya, ba mai amfanar wani. Wani lokacin motocin biyu kan yi kiciɓis a hanya. Rwang ya ɗan kunna masa fitila, shi ma ya kunna. Iyakar gaisuwar ke nan.

Ranar da abin ya faru yana gida, aikinsa sai yamma. Da hantsi ya ji gudu da salati, mata na kiran 'ya'yansu. An ce an kashe wani ɗan acaɓa a can ƙetare, unguwar Kiristoci. Wasu suka ce biyu ne, wasu suka ce masallaci aka ƙone. Babu wanda ya gani da idonsa. Sai Suwaiba, 'yarsa, ta faɗo gida tana haki.

"Baba, motar burodinku ce a bakin layi, sun tare ta."

Ya fita ba takalmi. Yana gudu yana kiran sunayen yaran, don ya san su duka: wannan ɗan maƙwabci ne, wancan shi ya kai uwarsa asibiti ranar haihuwarsa. Kalma ɗaya tasa ta isa. Sau nawa ta isa a wannan bakin layin? Amma hayaƙi ya riga shi, an cinna wa motar wuta. Wanda ke tare da Rwang ya tsira ta cikin kwata. Rwang da ciwon gwiwarsa bai iya gudu ba.

Ɗan maƙwabcin ya gan shi ya kawar da kai. "Baba Gwadabe, ba mu gan ka a ciki ba," ya ce.

Kafin la'asar sojoji suka zo. Ɗan acaɓan da aka ce an kashe ya dawo gida da ƙafarsa. Mai ne ya ƙare masa.

* * *

Onyebuchi ya rufe gidan burodin na mako guda, ya ce kowa ya je gaisuwar rasuwar Rwang. Ya faɗa yana kuka, kuma kukan na gaske ne.

Tabawa ta dafa shinkafa ta cika kula, ta ɗaure da mayafi, a kai wa Firisila, matar Rwang.

"Ka ce wa Firisila ina yi mata gaisuwa. Ka ce Allah ya ba ta haƙuri, ya raya Yael."

Gwadabe ya ɗauka ya taka har Tina Junction. Masu gasa masara na fifita wuta, 'yan acaɓa na kiran fasinja, kamar ba a yi komai ba. Can ƙetaren titi hanya ta haura cikin duwatsu zuwa gidan Rwang. Ya sha zuwa gidan, ya sha cin gwaten Firisila a tsakar gidan, amma sai yau ya lura bai taɓa hawa wannan hanyar shi kaɗai ba.

Ya tsayar da wani ɗan acaɓa ya faɗa masa inda za shi. Mutumin ya dube shi daga hula har ƙafa.

"Malam, kana da wanda zai shiga da kai?"

Gwadabe ya girgiza kai. Mai babur ya ja ya tafi. Gwadabe ya tsaya nan bakin titi da kular a ƙirjinsa, yana duban fuskokin masu tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, har shinkafar ta huce.