Labari na Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da biyu gonata tana jingine da ta Abraham a bakin kanal ɗin ban ruwa, yamma da Kura, amma sai a teburin mai shayi na ji wai zai bar garin. 'Yarsa Emmanuella ta matsa masa ya koma gida can kudancin Kaduna, tunda gwiwa ta fara ba shi matsala. Kowa a wurin ya sani, ban da ni. Na ajiye kofin ban shanye ba, na wuce gona kai tsaye na kwance ƙullin igiyarmu.

Wanda bai taɓa gadin shinkafa ba ba zai gane girman abin da na yi ba. Idan shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen janbaki ke saukowa garke-garke, in ka yi sake sa'a ɗaya sai su bar maka ƙaiƙayi. Don haka kowa yake kafa rumfa a gefen gonarsa, ya shimfiɗa igiyoyi, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ya wuni yana ja. Ni da Abraham mun haɗa igiyarmu a turken kan iyaka. Ranar Juma'a in tafi masallaci ya ja mana duka, ranar Lahadi ya tafi coci in ja mana duka. Wannan ƙullin na kwance.

Washegari Asabar sai na tarar da littafi a rumfata cikin baƙar leda. Dama al'adarmu ce, in ɗaya ya karanta littafi ya rubuta ra'ayinsa da fensir a gefen shafi ya miƙa wa ɗayan. Wannan na labaran ban tsoro ne, guda goma sha ɗaya, kowanne da marubucinsa. Na cusa shi a jinkar rumfa, na ce in da littafi zai ba ni haƙuri to ya makara. Kwana biyu ban taɓa shi ba. Ranar Litinin zaman shiru ya ishe ni, na zaro shi.

Ni labari ɗaya nake karantawa a rana, bayan azahar, lokacin da tsuntsu ya ɗan lafa. Ko jarida ce ba na haɗiye ta a zama guda.

Na farko bai burge ni ba ko kaɗan. Wata kyakkyawa ce ta tsayar da mai babur, da ya duba ƙafarta sai ya ga kofato. Tun ina yaro nake jin wannan, kofaton ma ya isa ya cinye. A gefe Abraham ya rubuta: "Mai babur ɗin ne bai da hankali." Na yi dariya, sai na tuna fushi nake, na haɗe rai. Na uku jini ne tun daga farko har ƙarshe, kuma na rantse marubucin bai taɓa yanka ko kaza ba, don jinin nasa kwana uku yana zuba bai daskare ba. Na huɗu a gonar shinkafa aka kafa shi, wai manomi ya bar gonarsa mako guda tana nuna ya tafi neman boka, ya dawo ya same ta lafiya. Wannan ba labarin tsoro ba ne, ƙarya ce kawai. Na rubuta haka a ƙarƙashin rubutun Abraham, wanda shi ma ya ce: "Ina janbaki suka je?"

Ranar Juma'a na tafi masallaci na bar gonar ba mai gadi. Da na dawo na tarar da sawunsa a kan kunyata, ya zagaye gonar da ƙafa, da wannan gwiwar tasa. Na ji kunya, amma ban je na gode masa ba. Ranar Lahadi ni ma na zagaye tasa ina ihu ina kaɗa riga, na koma rumfata tun kafin ya dawo. Tsakaninmu bai fi taku ɗari biyu ba, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Labari na bakwai ne ya kama ni. Wata mace ce ta rubuta shi, babu aljani, babu ihu. Tsohuwa ce mijinta ya rasu, amma kullum sai ta zuba tuwo kwano biyu, kuma kullum sai ta tarar da na biyun an cinye. Maƙwabta suka tsorata suka kawo mata mai addu'a. Tun daga ranar kwanon yake kwana a cike. Shekara huɗu kenan da rasuwar matata Barira, yara duk suna Kano, har yau in na sayi ƙosai sai in ga na sayi na mutum biyu. Na daɗe ina kallon shafin. Abraham ya rubuta: "Da sun ƙyale ta. Wa ya ce musu tsoro take ji?" Na so in tashi in je in ce masa wannan marubuciyar ita kaɗai ce ta san abin da take yi a littafin nan. Sai na ce bari in gama tukuna, ai sai an yi girbi zai tafi.

Na takwas zuwa na goma ba yabo ba fallasa. Ranar Laraba na ji gwangwanayen Abraham sun sauya kiɗa, ana fizgarsu da garaje. Na ce tsufa ne ya fara taɓa shi, ban waiwaya ba.

Ranar Alhamis na buɗe na goma sha ɗaya. Har yau ban san me ke cikinsa ba, domin a saman shafin farko rubutun fensir ya cika wurin:

"Malam Mudassiru, yau Talata in lissafina daidai ne. Na sayar wa Baballe shinkafar a tsaye, gobe Laraba da safe zan hau mota. Na kasa faɗa maka da baki, sau uku ina zuwa ina komawa. Wannan labarin ban sa masa ra'ayi ba. Ka zo gida da yamma ka faɗa min naka."

Ya san ni sarai, labari ɗaya a rana, ya ƙirga daga Asabar bai yi kuskure ba. Kwana biyun da littafin ya yi a jinka ne bai san da su ba.

Na tsallaka kunya da gudu kamar yaro. Baballe ne a rumfar, wani matashin manomi daga Bunkure.

"Sannu Baba," ya ce. "Ai jiya ya tafi. Na ɗauka kun yi sallama."

Na kira lambarsa, Emmanuella ta ɗauka.

"Baba Mudassiru, ina wuni? Yana barci, hanya ta gajiyar da shi. Shekaranjiya ya sa na dafa abinci da ku, ya zauna a waje har magariba ta wuce. A tasha ma sai da direba ya yi masa faɗa kafin ya shiga mota."

Na ce ta gaishe shi, zan sake kira. Na kashe wayar.

A hanyar komawa na tsaya a turken kan iyaka. Bakin igiyarsa yana nan, ya yi masa zarge ya rataye shi daidai inda nawa yake shiga. Na ɗauko nawa na ƙulla. Baballe ya biyo ni yana kallo, na yi masa bayanin yadda muke yi.

"To madalla," ya ce. "Amma Baba, gobe Juma'a wa zai ja mana? Ai masallaci ɗaya za mu."

Na koma rumfa na zauna, littafin yana buɗe a kan cinyata. Janbaki suka taso daga wajen kanal, na ja igiya, gonakin biyu suka amsa.