Kujerar Can Baya

Tun ranar da aka kawo motar, kujerar can baya ta zama abin faɗa a gidan. Mota ce ta hannu, ruwan toka, mai baƙin gilashi da ƙofar gefe da ake ja, tana ɗaukar mutum bakwai. Su ma bakwai ɗin ne cif: maigidan, da matarsa da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, da mahaifiyarsa Inna, da babbar 'yarsu, da 'yan biyun, sai Auta 'yar shekara uku. A tsohuwar motar in za a fita gaba ɗaya sai an yi lodi kamar buhuna, ko a bar wani a gida yana kumbura baki. Yanzu kowa da mazauninsa, amma duk yaran can ƙarshe suke so, inda idon uwa ba ya kaiwa.

"Ni ban ga abin so a wurin ba," in ji Inna. "Sai mutum ya naɗe kamar tabarma kafin ya shiga."

Maigidan kuwa lallaɓa motar yake kamar ƙwai. Da kansa yake wanke ta, in ya tayar da ita sai ya karkata kai yana sauraren inji. Da tafiyar aiki ta kama shi zuwa wani gari, bai fita ba sai da ya nanata wa matarsa cewa birkin ya fara ƙara, ta kai wa Dogo bakanike ya duba, kada ta bari ya kwana biyu.

Ranar da ta ware don haka, ita ce ranar da komai ya sauya tsari. Kullum Auta a gida ake barinta wurin Inna. To ran nan Inna na da ganin likita saboda gwiwarta, sai aka shirya a ajiye Auta gidan ƙanwar Maman 'Yan Biyu. Aka tashi a makare. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya nemi takalminsa ƙafa ɗaya ya rasa, Inna ta koma ɗaki ɗauko katin asibiti, Auta ta kafe tana kuka sai dai a sa ta can baya. Yayarta ta ɗauke ta ta zaunar da ita a wurin don a samu lafiya.

A ƙofar makaranta yaran suka yi ta dirowa suna ture juna. A asibiti Maman 'Yan Biyu ta riƙe Inna har kan bencin jira, ta ce in an gama ta kira ta. Tana dawowa mota wayar maigidan ta shigo, ta sa ta a sifika ta ja.

"Ki ce masa birki kawai. Kada ya taɓa min inji, kin ji? Dogo in ya buɗe bonet sai ya samo ciwon da babu."

"Na ji."

"Kuma ki ce ya ajiye tsofaffin da ya cire, ina so in gani."

"Na ce na ji, Baban 'Yan Biyu. Yau ni kaɗai ce a kanti, na riga na makara."

Suna wannan magana ta wuce kwanar gidan ƙanwarta ba ta ko waiga ba. Motar shiru, irin shirun da ta saba ji kullum in ta sauke yara. Ta isa garejin, ta miƙa wa Dogo makulli ta taga, ta fito ta tari tasi.

Kantin magani take aiki. Ta tarar da mutane tsaye a bakin ƙofa, ta shiga sallamar su ɗaya bayan ɗaya: mai tari, mai hawan jini, wata tsohuwa da ta zo da kwalin magani babu suna tana so a ba ta irinsa. Rana ta yi sama, fankar silin na ta juya iska mai zafi. Tana cikin jera kwalabe wayarta ta yi ƙara. Ƙanwarta ce.

"Yaya, kin fasa kawo mutuniyar tawa ne? Na zuba mata abinci har ya huce."

Kwalbar da ke hannunta ba ta faɗi ba. Ta ajiye ta a hankali a kan kanta, kamar wadda aka ce kada ta yi motsi.

"Yaya? Kina ji na?"

"Ban kawo miki ita ba?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

Ta kashe wayar. Ba ta san ta fito ba, ba ta san ta bar kantin a buɗe da mutum a ciki ba. Lambar Dogo take dannawa tana gudu zuwa bakin titi. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ta sake. Ta tsinke. Ta faɗa tasi na farko da ya tsaya, ta faɗi sunan layin garejin, muryarta na fita kamar ta wata.

"Malam, don girman Allah ka yi sauri. 'Yata ce."

Direban ya dube ta ta madubi, bai tambayi komai ba, ya taka. Ita kuwa lissafi take yi da zuciyarta. Ai Dogo zai shiga motar ya gwada birki, dole ya gan ta. A'a, ba zai gan ta ba, ita ma da ta haife ta ba ta gan ta ba. To in ta farka za ta yi kuka, za a ji. Wa zai ji, a wurin da ake buga ƙarfe tun safe? Ta ɗora tafin hannu a kan gilashin tasin, ta janye da sauri. Zafi kamar murfin tukunya.

A babbar mahaɗa suka tarar da cunkoso, wata tirela ta gitta ta kasa juyawa. Direban ya danna hon, na gaba ya danna, babu abin da ya motsa. Ta buɗe ƙofa ta fice. Ta ji yana kiranta, ba ta juya ba. Ta ratsa tsakanin motoci, takalminta ɗaya ya tsinke ta watsar da duka biyun, kwalta na cin tafin ƙafarta. Tana gudu tana kiran Dogo. A karo na ban san nawa ba aka ɗauka, hayaniyar kasuwa ta cika wayar.

"Hajiya, yi haƙuri, ina kan babur ne. Na zo kasuwar 'yan kayan gyara, irin na motarku sai an tona..."

"Ina motar?"

"Tana nan lafiya lau, na shigar da ita fili na kulle."

"Akwai yarinya a ciki! Auta na ciki!"

Sannan ta ji ya ce, "Innalillahi," da wata irin murya siririya. "Makullin na aljihuna. Hajiya, ki fasa. Ki fasa komai, ga ni nan."

Garejin rumfar kwano ce a bakin hanya, a bayanta akwai fili mai katanga inda Dogo ke ajiye motocin da ke jiran kaya. Ƙofar filin ta ƙarfe ce, da sarƙa da ƙaton kwaɗo. Ta leƙa ta tsakanin ƙyauren. Ga motar can a tsakiyar fili, babu ko inuwar reshe a kanta, rufinta na ƙyalli. Ta kama sarƙar tana jijjiga tana ƙwala kiran Auta.

Mai walda na maƙwabtaka, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya taso.

"Baiwar Allah, lafiya? Dogo ya fita."

Ta nuna motar. Bakinta ya ƙi haɗa magana, sai "'yata, 'yata" kawai. Dattijon ya dubi motar, ya dubi rana, ya juya da gudun da bai dace da shekarunsa ba. Ya dawo da babbar guduma. Bugu na farko kwaɗon ya yi tsalle ya dawo. Na biyu ma haka. Wani mai faci da wasu mutum biyu suka taho, ɗaya ya fara cewa a jira mai wurin, mai waldan ya daka masa tsawar da ta sa ya haɗiye sauran. Ya gyara tsayuwa ya sake saukewa, kwaɗon ya buɗe baki.

Ita ta fara isa. Ta manna fuska a gilashin baya, ta kare da hannuwa, baƙin gilashin ya hana ta ganin komai sai fuskarta. Ta ja ƙofa, a kulle. Ta ɗauki wani ƙarfe a ƙasa za ta maka wa tagar bayan, dattijon ya riƙe hannunta.

"Ba nan ba, zai zubo mata. Matsa."

Ya fasa ta direba. Ya zura hannu ya buɗe ƙofofin daga ciki, ta ja ƙofar gefen, wani hucin zafi ya bugi fuskarta mai warin roba. Ta haye kujerun tsakiya da gwiwoyi. Babu kowa a kujerar bayan. Sai ta ga ƙafa. Auta na kwance a ƙasa, a matse tsakanin kujeru, ta cire rigarta rabi ta maƙale a wuya, fuskarta ta yi jajir, leɓɓanta a bushe.

Ta ciro ta. Jikin ya saki kamar tsumma, zafinsa na ƙona mata hannu. Ta kai kunne bakin yarinyar. Akwai numfashi, gajere, da sauri da sauri.

Shekara nawa tana gaya wa mutane abin da za su yi in zafi ya bugi yaro, amma a wannan lokacin kanta fanko. Sai da mai faci ya kawo kofin ruwa zai ɗura wa yarinyar a baki sannan hankalinta ya dawo.

"Kada ka ba ta! Za ta shaƙe. Ku zuba mata a jiki. Inuwa, ku kai mu inuwa."

Aka shimfiɗe ta a kan bencin rumfar. Mai faci ya kinkimo ruwan da yake gwada tayoyi, mai walda ya ce wannan ya yi ɗumi, ya aika aka kwaso ruwan sanyi daga shagon gaba. Ta tuɓe yarinyar, ta jiƙa mayafinta tana shafa mata a wuya da hammata, wani na fifita da kwali. Tana yi tana kiran sunanta, tana cewa ga Mama, ga Mama ta zo. Can Auta ta yi wani ɗan nishi, ta motsa yatsu, ba ta buɗe ido ba.

Daidai nan Dogo ya iso, ya yar da babur ɗin bai ko kafe shi ba. Ya kakkaɓe gilashin da ke kujerar direba da hannunsa, jini na fita bai kula ba, ya tayar da motar.

"Birkin fa?" in ji mai walda.

"Ban kwance ba tukuna. Ku shigo."

Asibiti mafi kusa shi ne inda ta ajiye Inna da safe. Nas biyu suka karɓe yarinyar a bakin ɗakin gaggawa, aka rufe ƙofa, aka bar ta tsaye a baranda babu takalmi, babu mayafi, rigarta sharkaf. Tana juyowa ta ga Inna na tahowa da sandarta, ledar magani a hannu.

"Ke kuma daga ina haka? Tun ɗazu nake kiranki. Wa aka shigar?"

Ta buɗe baki. Ta faɗa mata, duka, ba ta rage komai ba. Ta tsaya tana jiran abin da zai biyo baya, don Inna ba ta iya ɓoye magana ba, ko gishiri ya yi yawa a miya sai ta faɗa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙofar da aka rufe. Sannan ta zare mayafinta ta yafa wa surukarta.

"Zauna. Ƙafarki jini take yi."

Sun daɗe a kan bencin nan. Dogo na tsugune can gefe ya haɗa kai da gwiwa. Ƙanwar Maman 'Yan Biyu ta iso tana haki, aka tura ta ɗauko yara a makaranta. Da likitar ta fito, duk suka zuba mata ido.

"Zafin ya sauka, mun sa mata ruwa," in ji likitar. "Za mu riƙe ta mu duba ƙodarta, amma ta farka, tana gane mutane. Kun yi dabara da kuka jiƙa ta tun a can. Wace ce uwar?"

Auta na kwance a ƙaramin gado, an ɗaure mata allura a bayan hannu. Ta bi uwarta da ido har ta zauna. Muryarta ta dushe, sai da uwar ta sunkuya sannan ta ji.

"Mama, na yi ta kiranki."

"Na sani."

"Ba ki zo ba."

"Na zo, Auta. Na makara ne."

Yarinyar ta kalle ta kamar tana auna maganar. Sannan ta ce tana jin ƙishirwa.

Inna ce ta kira ɗanta. Daga cikin ɗakin Maman 'Yan Biyu na jiyo ta a baranda tana cewa ya kamo hanya, yarinya na nan da ranta, in kuma yana da faɗan da zai yi, ya tsaya a hanya ya yi shi da iska kafin ya iso. Ya iso da yamma. Ya tsaya a bakin gadon ya daɗe, ya taɓa goshin Auta, ya taɓa ƙafarta. Bai dubi matarsa ba sai can.

"Ni na riƙe ki da surutu a waya," ya ce.

"Ni na manta da ita."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

Bayan kwana biyu aka sallame su, ƙodar lafiya. Dogo ya gyara birkin, ya sa sabon gilashi, ya kawo motar har gida da hannunsa a naɗe da bandeji. Maigidan ya so ya sayar da ita, Inna ta ce in ya sayar shi zai riƙa goya ta zuwa asibiti. Aka bar ta. Maman 'Yan Biyu ta ci gaba da tuƙa yara makaranta, sai dai ta daɗe ba ta daina wani abu ba: tana tsaka da sallamar mai sayen magani sai ta tsaya cak, ta ce ya yi mata haƙuri, ta kira gida a ba Auta waya ta ji muryarta.