Izinin Ntate Lethoko

Tun kafin a zauna Mapaseka Lethoko ta san yau da ita za a yi. Ita ce shugabar kwamitin da ke titsiye bankuna a majalisar dokokin ƙasar Lesotho da ke Maseru, kuma a sabuwar dokar da kwamitin ya kawo ta sa sashe guda: banki ba zai ƙara ce wa matar aure ta je ta zo da sa hannun mijinta ba. Sauran dokar kowa na so, don mutane sun gaji da yankan da bankuna ke yi musu. Wannan sashen kaɗai wani ɗan majalisa, Ntate Ramosoeu, wato Malam Ramosoeu a yarensu, ya kawo gyara ya rantse sai ya cire, kuma yana da jama'a.

Ramosoeu ya miƙe yana gyara kwat. "Mai girma Kakaki, mu Basotho shanu muka kora muka auro matanmu. Mace a hannun mijinta take, kariya ce ba raini ba. Ko Mme, uwargidan nan da ke hararata, ai ba ta fi ƙarfin mijinta Ntate Lethoko ba."

Aka yi ta dukan tebur. Mapaseka ta bari suka gaji, sannan ta tashi.

"Ɗan'uwana ya yi gaskiya," in ji ta.

Ta ɗaga kai sama wajen kujerun baƙi. Ga mijinta can a ƙudundune cikin bargo, hula a gwiwa. Daga garinsu Mokhotlong ta kirawo shi ana tsakiyar aske wa awaki gashin da suke sayarwa, ba ta ce masa komai ba sai ya zo ya zauna.

"Ntate, ka yarda in yi magana?"

Kakaki ya buga guduma. "Mme, kin san ƙa'ida. Baƙo ba ya buɗe baki a zauren nan. Ni za ki fuskanta."

"Ai matsalar ke nan, ranka ya daɗe. Makon jiya manyan banki suka yi ta zufa a gabana. Washegari na shiga bankinsu neman rancen injin askin awaki, yarinyar kanta ta ce in zo da mijina. Wadda ba ta isa ta sa hannu kan injin askin akuya ba, ina ta isa ta kaɗa ƙuri'a kan bankunan ƙasa? Sai mijina ya yarda. Ku kuma kun hana shi magana."

Ta ɗauki jakarta.

"Ni nawa yana ramin zinari a Welkom, can Afirka ta Kudu," wata ta faɗa daga ɓangaren adawa. "Ku jira ya dawo a Disamba!"

Mata suka fara miƙewa daga ɓangarorin biyu. Mapaseka na kallon Ramosoeu yana waige-waige. Ranar Alhamis ce, rabin maza sun riga sun gudu mazaɓunsu. Idan matan suka fita, waɗanda suka rage ba su kai a yi ƙuri'a ba, dokar da ya yi wa mutanensa alkawari kuma ta kwanta sai baɗi.

Sai murya ta faɗo daga sama.

"Mapaseka, wane irin izini kuma? Yi abin da ya kawo ki mu tafi! Na baro awaki rabi da gashi rabi tsirara!"

Dariya ta ɓarke har Kakaki ya sunkuyar da kai. Dogarin majalisa ya kama Lethoko ya yi ƙofa da shi, shi kuwa bai fasa ba. "Kai Ramosoeu! Ba matarka Mme Malineo ce ke riƙe maka katin banki ba?"

Ramosoeu ya tashi a hankali, bai kalli kowa ba. Ya ce bayan nazari ya janye gyaransa. Matan suka koma kujerunsu. Da Kakaki ya ce masu goyon baya su amsa, muryar Mapaseka ce ta fi ta kowa.

A bakin ƙofar waje ta iske mijinta, ya sayi ƙullin makoenya, irin fanken ƙasar, ya ba dogarin da ya kore shi guda yana ci.

"To injin fa?" ya tambaya.

"Da zarar an sa wa dokar hannu zan koma. Ni kaɗai."

"Madalla," in ji Lethoko, ya miƙa mata ƙullin. "Ni dama layin bankin nan ya ishe ni."