Notin Hagu

Tun ranar da Alhaji ya karɓe makullin Tsohuwa daga hannun direbanta ya miƙa wa Dogo, Dogo ya daina yarda da kowa a garejin. Tsohuwa tirela ce da ta girmi rabin masu aiki a wurin, shi kuwa Dogo duk tsawon rayuwarsa ƙaramar bas ya ja. Alhaji ya ce gwaji ne: in ya kai lodin siminti lafiya, ya zama direbanta, in ya yi shirme, ya koma kiran fasinja da furfurarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Baƙin Mai, bakaniken da ke kula da motocin Alhaji, yayan direban da aka kora ne, ciki ɗaya. Kuma tun da abin ya faru kullum sai ya gaida Dogo, har da tambayar iyali. Wannan ya fi komai tayar wa Dogo da hankali. Mutumin da ka raba ƙaninsa da abinci, ina ruwansa da tarin ɗan autanka?

Safiyar tafiya Baƙin Mai ya sauya tayoyin baya. Dogo ya zauna a benci yana latsa waya, amma idonsa na can. A gefen dama komai ya tafi yadda aka saba: ya kafa sifana a kan noti, ya zura mata dogon bututun ƙarfe, ya hau da ƙafa ya danna dama har notin ya yi ƙara. Da ya zagayo gefen hagu kuwa, sai ya juya bututun, ya riƙa dannawa hagu. Noti bayan noti, ko waige babu.

"Direba, na gama. Allah ya tsare hanya."

"Amin," in ji Dogo. A ransa ya ƙara da, daga sharrinka.

Dogo ba yaro ba ne da zai kama faɗa babu shaida. Ya shiga ofis ya fito da Alhaji, masu lodi suka bar buhuna suka biyo.

"Ranka ya daɗe, ba ƙarar kowa na kawo ba. Idonka kawai zan ara."

Ya kafa sifana a notin hagu, ya zura bututu, ya hau ya sakar masa nauyin tumbi zuwa dama. Da fari notin ya ƙi, har gumi ya karyo masa. Can sai ya yi ƙas, ya motsa.

"Ka gani ko? Ɗaurarren noti zai juya haka? So ake taya ta riga ni isa!"

Ya sauko ya ci gaba da murɗawa da hannu. Notin sai ƙara laushi yake, Dogo sai ƙara ɗaga murya yake, har notin ya fito gaba ɗaya ya zauna a tafin hannunsa.

Wani mai lodi ya toshe baki da hula.

Baƙin Mai ya goge hannu da tsumma. "Haba direba. Tsohuwa tsohuwar ƙira ce, gefen hagunta da hagu ake ɗaurewa. Ni na ɗauka ka sani, kai da aka zaɓo."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kullum ina gaishe ka, ko amsa kirki ba na samu."

Alhaji ya dubi tayar, ya dubi Dogo. "Da a hanya ka tsaya ka ƙara musu irin wannan ɗaurin fa?"

Abin da Dogo ya shirya yi ke nan kuwa. Ya waiga neman mai goyon bayansa, sai ya hango tsohon direban zaune a bakin ƙofar gareji, da jakar tafiya a cinya. Yaushe ya zo? Wa ya ce masa ya zo da jaka?

Alhaji ya miƙo hannu. Dogo ya ɗora masa notin a ladabce.

"Ba wannan ba," in ji Alhaji.