Tarakta Mai Son Gangare

"Na sallama," in ji Zuma mai sayar da taraktar, ya riƙe hannun surukina da hannu biyu kamar ya ga ɗan'uwansa da ya daɗe da ɓata. Surukina ya ce Allah ya sa albarka. Ni kuwa ina tsaye gefe, tafin hannuna yana raɗaɗi, domin ban daɗe da ɗauke shi daga kan injin taraktar ba.

Surukin nawa mijin autata ne. Akawu muke ce masa. Bayan gidansu akwai fili babba, da kaji, da 'yan awaki, da fangalin ganye. Kullum kafin ya tafi ofis sai ya tura baro cike da taki ko buhun dusa daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ƙugunsa ya fara ciwo. Likita ya ce ƙashin bayansa ya gaji, in bai rabu da baro ba, wata rana zai sunkuya ya kasa miƙewa. Shi ya sa ya nemi 'yar ƙaramar tarakta ta hannu, mai jan ƙaramar tirela. Ya ce in raka shi, tunda na tsufa a kan sitiyarin babbar mota.

Tun a hanya na ba shi shawara. Na ce inji na hannu da safe ake dubansa, yana sanyi, kafin mai shi ya taɓa makulli. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga abin da yake ɗiga. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza tsakanin yatsu. Ka dubi hayaƙin farko, shi ne ba ya ƙarya. Sannan ka lura da inda mai taraktar yake kwantar da ita. Yana ta cewa to Baba, to Baba, ashe ta kunnen hagu take shiga ta fita ta dama.

Gidan Zuma a kan tudu yake, titin ƙofarsa ya gangara har kwalbati. Da muka iso mun tarar da taraktar a bakin ƙofa tana ruri, hancinta na kallon gangaren, an sa dutse a gaban tayar baya. An wanke ta tas, an shafa wa tayoyi mai suna sheƙi kamar takalmin ango. Ƙarƙashinta kuma an barbaɗa sabon yashi. Wane ne yake yi wa tarakta shimfiɗa in ba wanda yake ɓoye fitsarin kwance ba?

Zuma bai ci sunansa a banza ba. Ya fito da kujeru, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ashe yayan wani abokin aikin Akawu ne. Da na ce a kashe injin, mu dawo da sassafe mu tayar da shi da hannunmu, sai ya yi dariya ya ce ai tsofaffin direbobi duk haka suke, ko ruwa ka ba su sai sun leƙa gindin kofi. Ya ce shi dai ba ya ƙi ba, amma akwai wani mai gidan gona da zai zo da yamma da kuɗinsa a aljihu.

Na ja Akawu gefe, na nuna masa dutsen, na nuna masa gangaren.

"Baba, ku yi haƙuri," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Mun sha ruwan mutum, ƙaninsa tebur ɗaya muke. Yaya zan dube shi in ce ban yarda da shi ba?"

"Kai da ƙugunka za ku koma gida, ba da ƙaninsa ba."

Ya sunkuyar da kai, irin ladabin nan da ya fi gardama ciwo. Aka yi ciniki. Ya hau abarsa ya tuƙa har gida yana murmushi, ni ina binsa a baya ina shaƙar hayaƙi shuɗi.

Washegari autata ta kira ni a waya, ta ce abar ta ƙi tashi. Na je na tarar sitata na kuka, inji ko tari. Aka canja batir, shiru. Bakanike ya zo ya saurara, ya ce injin ya cinye ringinsa, ba ya da ƙarfin tashi a sanyi sai an tura, kuma gyaransa ya kusa kuɗin sayenta. Shi ya sa take kwana a kan tudu. Zuma sai dai ya zare dutse, ta gangara, ya saki kuloci, ta kama. Filin Akawu kuwa shimfiɗe yake kamar tabarma.

Na ce a mayar wa Zuma da kayansa. Na ce ni zan je, ba ni da ƙani a ofishin kowa. Akawu ya roƙe ni don girman Allah kada in je, wai za a ce surukinsa ya zo tare masa faɗa kamar yaro. Duk da haka na je. Zuma ya sake kawo kujera, ya ce shi a tashe ya sayar da ita, a tashe ta bar ƙofarsa, ko ba a gabana aka yi ba? Da na ɗaga murya sai ya ce in bi a hankali saboda hawan jini. Ban sha lemonsa ba. Abin da na iya yi masa ke nan.

Mutumin da aka hana tura baro sai ya koma tura tarakta. Autata a kan kujera tana riƙe da sitiyari, shi a baya ya kafa kafaɗa, awaki na kallo. Ta yi magana, ta yi kuka, ta ce a kira maƙwabta su taimaka. Ya ce shi ba zai tara wa kansa 'yan kallo ba.

Sai wata dabara ta zo masa, kuma wannan ce har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina. Ya ce tunda gangare taraktar take so, zai yi mata gangare. Ya sa aka juye masa tifar ƙasa a ƙofar gida. Tifa ba ta iya shiga lungun da ya bi zuwa bayan gida, taraktar ma ranar ta ƙi tashi ko da turi. Da me za a kwashe ƙasar? Ya jawo baron nan daga inda aka jingine shi. Bai gaya mini ba, ya kuma hana matarsa ta gaya mini. Safe da yamma yana lodi da shebur, yana turawa, yana daddaɓewa, tudu yana tashi jikin katanga.

Ya kusa gamawa ya sunkuya zai ɗaga hannun baro, sai ya tsaya a haka. Maƙwabtan da yake gudun su gani, su suka ɗauko shi a kan ƙyauren ɗakin kaji.

Da na je asibiti na shirya maganganu cike da baki. Na same shi kwance a miƙe, idonsa a silin. Ya ce, "Baba, tudun yana aiki kuwa? Ku sa 'yarku ta gwada." Sai na haɗiye abina, na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Tudun yana aiki. Maƙwabta suka ƙarasa shi, suka tura taraktar sama. Yanzu autata ce take hawa da safe, ta zare dutse, ta gangaro, inji ya kama, da yamma ta hau da ita da baya ta kashe. Ta iya fiye da yadda na zata, har juya tirela take yi a ƙofar ɗakin kaji.

In ana maganar riba, Zuma ya ci, ya rabu da mataccen inji, kuma har gobe ƙaninsa da Akawu suna gaisawa a waya. Awaki ma sun ci, sun sami wurin hawa da rana. Wanda ya faɗi shi ne Akawu, da ya sayi tarakta don ya ceci ƙugunsa. Yanzu ta taga yake kallonta, da bel ɗin asibiti ɗaure a tsakiyarsa, takalmi ma sai an sa masa.