Ɗigo na Goma Sha Bakwai

Farfesa Midhat ya cire murfin jan alƙalaminsa da haƙori, ya zagaye ɗige-ɗige talatin da ɗaya da suka kauce wa layi, sannan ya turo mini takardar ta kan tebur.

"Waɗannan shara ce, Rawya. Ki share su."

Ɗigo ɗari huɗu ne a takardar, kuma kowane ɗigo mutum ne. Shekara huɗu ke nan muna fama da wata 'yar na'ura a ɗakin bincikenmu na sashen injiniya a Iskandariyya. Ba ta fi kwalin ashana ba. A maƙala ta a yatsa, ta haska jan haske ta cikin tsoka, ta faɗi yawan jinin mutum ba tare da an soka masa allura ba. Don mu tabbatar da gaskiyarta, duk wanda muka auna sai mun ɗebi jininsa da allura mun gwada da abin da ta ce. Idan sun zo ɗaya, ɗigonsa ya hau layi. Mutum ɗari uku da sittin da tara sun hau. Sauran talatin da ɗayan sun yi sama, na'urar tana ba su jinin da ba su da shi.

Na ce, "Ba shara ba ce, Farfesa. Sau uku na maimaita."

"Waɗanda kika kawo daga ƙungiyarku ne, ko?"

"Su ne."

"To ai magana ta ƙare. Matanku ba sa rabuwa da lalle, shi ya tare hasken. Ki rubuta an cire mutum talatin da ɗaya saboda lalle a yatsa."

"Sha tara daga cikinsu maza ne. Babana ma yana ciki, kuma ban taɓa ganin ya sa lalle ba."

Ya yi dariya har ya jingina da kujera. Farfesa mutum ne mai fara'a, ban taɓa jin ya ɗaga wa ɗalibi murya ba. Da murmushi yake hana mutum abin da yake nema.

"Ki gaishe shi. Wata uku ya rage ki kare digirinki, ko ba haka ba? Je ki yi tunani, 'yata."

*

Ni na kawo su da kaina, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Tun farkon aikin, al'adar ɗakinmu ita ce a gwada abu a kan wanda ke kusa. Ɗalibai ne suka ba da yatsunsu, sai malamai da matansu da surukansu, kusan duk farare. Ni kaɗai ce baƙa a ɗakin, kuma ranar da na sa nawa yatsan lambar ta yi sama, na ce ai lallen bikin ƙanwata ne bai gama fita ba. Ni na fara ɗora wa lalle laifi, Farfesa aro ya yi a wurina.

Da aka ce sai mun cika mutum ɗari huɗu, na tuna da ƙungiyar mutanenmu Nubawa, masu haɗuwa kowace Juma'a bayan la'asar a wani ɗaki da suke haya kusa da tashar jirgin ƙasa. Na faɗa wa Baba. Kafin Juma'ar ta zagayo babu mai gadin ƙofa ko mai tuƙin tasi ɗan Aswan da bai ji labari ba.

Sunan babana Abdussabur. Shekara arba'in yana gadin ƙofar wani bene mai hawa bakwai, kuma a ɗakin da ke ƙarƙashin matakalarsa aka haife mu. Bai iya karatun boko ba. A wurinsa duk abin da aka buga a takarda gaskiya ne, in ba haka ba da hukuma ba ta bari an buga ba.

Ranar ya sa farar jallabiyarsa ta Idi, ya tsaya a bakin ƙofa yana shirya layi.

"Kai Hassuna, koma baya, ba rabon nama ake ba. Na'urar 'yata ce, ba a yi mata turereniya."

"To ka fara mana mu gani, tunda kai ka haifi mai ita."

"Manya ba sa farawa."

Kowa ya san tsoron allura yake. Sai da mutum goma sha shida suka wuce, har da tsohuwa Zanuba mai shekara tamanin, sannan ya zauna ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya hannu, ya juya fuskarsa bango yana salati. Ɗakin ya kaure da dariya. Da aka zo kan na'ura kuwa ya gyara zama, ya sa yatsa yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Koriyar fitila ta kama, ta nuna goma sha uku.

"Me ke nan?"

Na ce, "Lafiya lau ke nan, Baba."

An sha zoɓo mai sanyi, an ci dabino, aka yi ta sa mini albarka. Bayan kwana biyu sakamakon allura ya fito. Jinin Baba tara ne.

*

Sati biyu na yi ina neman inda matsalar take, kuma ba ta da wuyar samu. Baƙar fata tana shan wani kaso na jan hasken kafin ya kai ga jini, ita kuwa na'urar ba ta san da wannan ba, sai ta lissafa duk abin da aka sha a matsayin jini. Gyaran ma na san shi. A ƙara fitila ta biyu mai wani launi, a sake auna mutum ɗari biyu baƙaƙe. Aikin wata takwas ne, in an samu kayan.

Na kai wa Farfesa a rubuce. Ya karanta har ƙarshe, wannan kam ba zan danne masa haƙƙi ba.

"Kyakkyawan aiki. Wannan shi ne bincikenmu na gaba. Za ki jagorance shi, da sunanki a farko."

"Wannan fa?"

"Wannan za a tura wa mujalla a buga ranar Alhamis. Kamfanin da zai ƙera ta yana jira, shugaban jami'a ya riga ya faɗa a taro. Mutum tara ne suke jiran takardar nan don ƙarin girma, Rawya. Ke kaɗai kike da uba?"

Cikin mutum taran da sunayensu ke kan takardar, huɗu ba su taɓa taka ɗakin bincikenmu ba. Ɗaya surukin Farfesa ne, likitan haƙori. Haka ake yi, yau ka sa sunana, gobe in sa naka, kowa ya hau. Babu wanda yake kiran wannan sata a sashenmu, zumunci ake ce masa.

Na ce, "Asibitocin karkara za a kai ta. Kudu za a kai ta, wurin mata masu ciki. Can kuwa kowa baƙi ne kamar ni."

"Kafin ta kai kudu kin gyara ta. Ki sa hannu a nan."

Ina so in ce an tilasta mini, amma ba wanda ya riƙe mini hannu. Na tuna shekara huɗu ina riƙe wa mutumin nan jaka daga mota zuwa ofis, ina duba masa takardun jarrabawar ɗalibansa. Na tuna ba a kare digiri sai da sa hannunsa, kuma akwai wata da ta yi masa gardama, shekararta tara ke nan tana jira. Na tuna Baba ya riga ya sayi yadin da zai ɗinka don ranar. Na karɓi jan alƙalamin na sa hannu, da na koma teburina na rubuta jimlar lallen da Turanci mai kyau.

*

Takarda ta fito. Na kare digiri, Baba ya zauna a layin gaba cikin sabuwar jallabiya, bai fahimci kalma ɗaya ba, amma shi ya fi kowa gyaɗa kai. Kamfani ya ba kowannenmu na'ura guda ta tunawa, a cikin akwati mai laushin ciki. Tawa ko kwana ba ta yi a hannuna ba, Baba ya karɓe. Binciken gaban da aka yi mini alkawari kuwa, aka ce sai an samu mai ɗaukar nauyi.

Tun ranar da na ga tara ɗin nan nake bin Baba ya je asibiti. Da ƙyar na kai shi sau ɗaya. Likitan ya ce namiji mai shekara sittin da shida ba ya rasa jini haka kawai, akwai inda yake zuba a ciki, sai an zura kyamara an duba hanji. Ya rubuta mana takarda da rana. Baba ya ce sai bayan bikin digirina. Bayan biki ya ce sai bayan azumi.

A lokacin ya fara tsayawa a hawa na biyu yana haki idan ya ɗauko wa mutanen bene cefane. Leɓensa ya yi fari. Ummata ta ce mini ya daina cinye wakensa na safe, shi da yake suɗe kwano da burodi.

Wata Asabar da hantsi na same shi a kan bencinsa na bakin ƙofa, na'urar tana kan cinyarsa. Mai guga da mai sayar da jarida suna tsaye, ya gama auna su. Na jira suka tafi, na zauna kusa da shi.

"Baba, jibi ne ranar asibiti. Sau biyu ana ɗaga mana."

"Asibitin me? Dubi nan." Ya maƙala ta a yatsa. Koriyar fitila ta kama. "Sha biyu da rabi. Ke kika ce daga sha biyu zuwa sama lafiya ne."

"Ba daidai take faɗa ba."

"Ta lalace ne?"

"Ba ta lalace ba. Haka take. A kan fata irin tamu ƙari take yi. Jininka bai kai haka ba, Baba, allura ta nuna tara, yanzu ma wataƙila bai kai taran ba."

Ya miƙe a hankali, ya shiga ɗaki, ya fito da takardar binciken, ya koma ya zauna. Ya kai an sa mata gilashi da katako kamar hoton aure.

"Na kai wa Ustaz Fikri na hawa na uku, wanda ya koyar da Turanci. Ya karanta mini ita tun daga sama har ƙasa, sai da shayinsa ya huce. Ya ce an gwada ta a kan mutane ɗari uku da wani abu, ba ta yi kuskure ba. Ya nuna mini sunanki, ga shi nan, na uku." Ya ɗora yatsa daidai wurin, ya haddace inda yake. "Akwai inda aka ce ban da baƙaƙe?"

"Babu."

"To."

"An cire ku ne, Baba. Ku talatin da ɗaya. Da kai, da Hassuna, da Inna Zanuba. Ba ku cikin lissafin."

"Wa ya cire mu?"

Motar haya ta tsaya a gabanmu, ta sauke wata mata da kaya. Baba bai tashi ya karɓa ba, abin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Ni."

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya yi murmushi, irin wanda yake mini ina yarinya idan na ce cikina ke ciwo ranar jarrabawa.

"Uwarki ce ta sa ki, na sani. Kun haɗa baki ku tsorata ni in je a zura mini tiyo. Rawya, ni na rene ki. Ko kuɗin canji kika tsinta a matakala sai kin bi gida bakwai kina tambaya. Ke ce za ki rubuta ƙarya, ki sa sunana a kai, Turawa su buga?"

Sunansa ne kuwa. Rawya Abdussabur, haka yake a takardar.

"Baba, wallahi..."

"Kada ki rantse. Ɗaya ce ƙarya, ko wadda kika rubuta ko wadda kike faɗa yanzu. Ta yanzu na yafe, don tausayina kika yi ta."

Na yi kuka a wurin, a bakin titi, ni da ake kira Dokta. Ya bubbuga mini kafaɗa ya ce in je in taya Ummata aiki, rana tana yi.

Ban tafi ba. Na ciro takardar asibitin daga jakata na ajiye masa a kan benci, na ce jibi ƙarfe takwas zan zo da tasi. Ya ɗauka ya jujjuya ta. Bencin nan ya daɗe yana gurgunta, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sunkuya yana nishi, ya cusa ta a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya zauna ya gwada. Bencin ya tsaya daram.

Ustaz Fikri ya sauko da sandarsa zai tafi shan iska.

"Baban Rawya, yaya jikin? Kwana biyu na ga ka faɗa."

"Wane jiki? Zo ka gani da idonka."

Ya maƙala na'urar a yatsansa, ya ɗaga hannun sama yadda Ustaz zai gani da kyau. Koriyar fitilar ta kama.