Jikar Malam Yakubu

Da Tayyiba ta shigo zauren gidan mahaifinta a unguwar Kwarbai, sai ta tarar da wata baƙuwa zaune a ƙasa, 'ya'yanta biyu sun yi matashi da ƙullin kaya. Batul sunanta. Tun hantsi take nan, ko ruwa ba a miƙo mata ba.

Kakan Batul kuwa ba wanda bai san labarinsa ba a gidan. Malam Yakubu, ƙanen kakan su Tayyiba, ya kama hanyar Makka a ƙafa zamanin Turawa. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noman auduga, ya yi aure, har ƙasar can ta rufe idonsa. Yanzu yaƙi ya koro jikarsa. Mijinta bai kai iyakar Chadi da rai ba.

Tayyiba ta wuce wajen yayanta Alhaji Sabo, wanda gidan ke hannunsa.

"Yaya, me ya hana a shigar da ita?"

"Wa ya san ta? Duk wanda ya kwaso jiki sai ya ce jininmu ne? Hausarta ma rabi Larabci ce. Kuma gida a cike yake."

"Sashen Zaharaddini fa?"

Ɗansa ke nan, ma'aikacin jinya a Ingila, wanda ɗakunansa suka daɗe a garƙame.

"Yaro zai dawo."

"Yaushe? Ba kai ba ne bara ka hana mu sakat don wani Bature ya ce masa ya koma ƙasarsu? Har marasa imani ka kira su. Ita wannan a can ana ce mata 'yar Nijeriya, kai kuma ka ce 'yar Sudan. Sama kake so ta hau?"

"Tayyiba, ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba. Ni ma gidan ubana ne."

Ta fita tsakar gida, ta suri taɓarya, ta dinga dukan kwaɗon sashen Zaharaddini har ya tsinke. A ciki gara ta cinye katifa.

Sai ga Batul a bayanta. "Na gode, Yaya," ta ce a hankali. "Amma an ɓalle mini tawa ƙofar a Sudan. Ba zan kwantar da yarana a ɗakin da aka ɓalle ba."

Tayyiba ta yar da taɓaryar, ta kinkimi ƙullin kayan, ta tafi da su gidan aurenta a gindin dutsen Kufena.

Kafin shekara ta zagayo, babu amaryar da za a kai a cikin birni ba a nemi Batul ta yi mata dilka da lalle ba. Da bikin autar Alhaji Sabo ya matso, matarsa ta kawo yarinyar tana ta kame-kame. Batul ta shimfiɗa musu tabarma, ta kama aikinta. Tayyiba ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ba ta fito ba sai da suka tafi.